Dutsen da ke ƙyalli cikin duhu: ku tsaya kafin ku kai shi gida

In kuna yawan leƙa TikTok, da wuya ba ku ci karo da irin bidiyon nan ba: a kashe fitila, a haska wani dutse da 'yar tocila, sai ga shi ya koma kore shar kamar an kunna masa wuta a ciki. Wasu su ce siddabaru ne, wasu su ce an tsinci arziki. Ko ɗaya babu.

Tocilar irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita ce. Tana fitar da hasken UV, wanda ido ba ya gani. Wasu duwatsu, irin su andersonite da liebigite, suna ɗauke da yuraniyom haɗe da kabonet. Yuraniyom ɗin ne ke shanye hasken UV, ya dawo da shi a matsayin koren haske. Da an kashe tocila, ƙyallin ya ɗauke. Kunama ma haka take ƙyalli in an haska ta, ga ta nan a gonakin rake na Makarfi da Kudan, kuma babu yuraniyom a jikinta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙyallin ba shi ne haɗarin ba, kuma ba ya auna shi. Uraninite, wanda ya fi waɗancan yawan yuraniyom, baƙi ne ƙirin, ko kaɗan ba ya ƙyalli. Tururin nukiliyar da yuraniyom ke fitarwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Ƙurarsa kuwa in ta shiga jiki tana taɓa huhu da ƙoda.

Abin bai yi mana nisa ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, ga matasanmu kuma na ta tururuwa zuwa wuraren haƙar ma'adinai. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 saboda ana niƙa duwatsun zinare a tsakar gida.

Don haka in dutsen da ba ku sani ba ya shigo hannunku, kar ku daka shi, kar ku lasa, kar ku kwana ɗaki ɗaya da shi, sannan ku wanke hannu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken makamashi a Zariya, inda ake da na'urorin gwada irin waɗannan duwatsu. Daga Ikara zuwa can ba wata tafiya ba ce.