Ma'anar kalmomin Turanci da matasan Jos ke amfani da su kan neman kuɗi

A Jos, babban birnin Jihar Filato, Hausa da Turanci da buroka na cuɗanya a kasuwannin Taminus da Farin Gada da harabar Jami'ar Jos. A nan matasa ke yawan ambaton neman kuɗi da wasu kalmomin Turanci da ba a koyarwa a aji. Wasunsu na nufin neman halal, wasu kuwa lulluɓi ne ga zamba, shi ya sa ya kamata iyaye su san bambancinsu.

Mafi yaɗuwa ita ce "hustle", wato fafutukar neman na kai. Mai tuƙa keken Napep da mai sarin dankalin Turawa duk suna kiran sana'arsu da ita. "Side hustle" kuwa ita ce ƙaramar sana'ar da ma'aikaci ko ɗalibi ke haɗawa da babban aikinsa. Idan aka ce "alert" ya shigo, ana nufin saƙon banki da ke nuna an turo kuɗi, yayin da "sapa" ke nufin rashin ko sisi a aljihu.

Akwai masu harshen damo. "Hammer" na nufin samun kuɗi masu yawa kwatsam, "cash out" kuma kwasar riba. Ana faɗarsu ga ɗan kasuwar da ciniki ya yi wa kyau, ana kuma faɗarsu ga ɗan caca da ɗan damfara.

Wasu ba su da wata fassara sai laifi. "Yahoo" zamba ce ta intanet, "maga" kuma shi ne wanda aka damfara. "419" ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya, amma ta zama ruwan dare har a Arewa. Ƙamus ɗin Oxford ma ya shigar da "419" da "yahoo boy" cikin kalmomin Turancin Nijeriya. Hukumar EFCC na gurfanar da masu irin wannan laifi gaban kotu.

Saboda haka, idan matashi ya ce ya yi "hammer", kafin a yi masa barka, ya dace a tambaye shi sana'ar da ta kawo kuɗin da kuma wanda ya biya shi.