Ƙarfin Batirin Keken Lantarki: Bolt 36, 48 ko 52?

Mai haɗa keken lantarki da hannunsa yakan tarar da batura iri uku a kasuwa: mai bolt 36, mai 48 da mai 52. Da yawa suna ɗauka mafi girman lamba shi ne mafi kyau, amma ba batir ke yanke hukunci ba. Kwantirola, ɗan akwatin da ke raba wuta tsakanin batir da inji, ita ke faɗin ƙarfin da za ta iya ɗauka, kuma a jikinta ake rubuta shi.

Lambar da ke jikin batir matsakaicin ƙarfinsa ce kawai. Ƙwayar litiyam ɗaya, irin ta cikin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, tana ba da bolt 3.6 zuwa 3.7, amma idan ta cika maƙil takan kai 4.2. Batir mai bolt 36 ƙwayoyi 10 ne a jere, yana cika a bolt 42. Mai 48 ƙwayoyi 13 ne, yana kaiwa 54.6, mai 52 kuwa ƙwayoyi 14, yana kaiwa 58.8. A nan ake yin ɓarna. Idan aka jona batir mai 48 a kwantirolar da aka ƙera don 36 kaɗai, kafasitocin cikinta na iya fashewa, sai ƙara da ƙaurin roba. Idan kuma aka yi akasin haka, kwantirolar 48 na iya ɗauka batirin 36 ya mutu ko da yanzu aka cire shi daga caji, ta yanke wuta.

Amfanin ƙarin bolt a bayyane yake. Gudun inji yana ƙaruwa da shi, sannan wayoyi ba sa zafi sosai: injin wat 500 yana jan kusan amfa 14 a bolt 36, amma kusan 10 kacal a bolt 48. Mai zirga-zirga a shimfiɗaɗɗiyar hanya da injin wat 250, wanda shi ne iyakar da dokar Tarayyar Turai ta sa tare da gudun kilomita 25 a awa, bolt 36 ya ishe shi. Mai ɗaukar kaya ko hawan tudu, 48 ya fi masa. Sai dai birkin tsohon keke ba don irin gudun da ƙarin bolt ke kawowa aka yi shi ba.

Nisan tafiya kuwa ba bolt kaɗai ke nuna shi ba. Ana ninka bolt da amfa-awa: batir mai bolt 48 da amfa-awa 10 yana riƙe da wat-awa 480, mai 36 da amfa-awa 15 kuwa 540, wato ƙaramin ya fi kai mutum nesa.

Hatsari mafi muni a wajen caji yake. Bakin caja na iya shiga daidai alhali ƙarfinta ba ɗaya ba ne, kuma cajar 54.6 a kan batirin 36 na iya tayar da gobara, musamman idan allon kariyar batirin, BMS, na bogi ne ko babu shi, kamar yadda ake gani a baturan da aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi. Kada a yi caji a rana ko a ɗakin kwano da zafi ya haura digiri 45, kada kuma a bar batir a jone a kwanta barci.