FASHIN BAƘI: Abin da ya sa wasan Elden Ring ya ƙi sauƙaƙa wa kowa

Duk wanda ya fara buga wasan bidiyo na Elden Ring, da zarar ya fito fili a yankin Limgrave zai hangi wani jarumi sanye da sulken zinare, bisa ingarman doki. Akasarin sababbin 'yan wasa kan tunkare shi kai tsaye, shi kuwa ya hallaka su cikin daƙiƙoƙi. Da gangan aka ajiye shi a wurin domin ya koyar da darasi guda: ba kowane faɗa ne ya zama dole a yi shi yau ba.

Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ne ya fitar da wasan a watan Fabrairun 2022, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, marubucin nan na Amurka George R. R. Martin kuma ya tsara tarihin duniyar da labarin ke gudana a ciki. A shekarar ne ya lashe kambun gwarzon wasa a bikin The Game Awards, kuma zuwa tsakiyar 2024 an sayar da kwafi fiye da miliyan 25. Duk da wannan farin jini, babu inda ɗan wasa zai zaɓi matakin sauƙi ko na tsanani.

Yadda faɗan yake

Kowane sara, kowace mirginawa da kowace kariya da garkuwa na cin wani ɓangare na ƙarfin jikin jarumin, don haka mai kai hari ba lissafi yakan tsinci kansa a gajiye daidai lokacin da ake kawo masa sara. Dole ne a karanci motsin abokin gaba, a haddace salonsa, a jira kafar da zai bari. Wanda ya mutu kuma zai zubar da dukiyar da ya tara a inda ya faɗi. Idan ya sake mutuwa kafin ya ɗauko ta, ta tafi ke nan.

Inda aka ɓoye sauƙin

A wasan Sekiro da kamfanin ya fitar a 2019, wanda ya kasa kayar da babban abokin gaba sau da yawa ba shi da mafita sai ya ƙware. Elden Ring ya sauya wannan ta hanyar buɗe duniyar. Idan Margit, mai gadin hanyar fadar Stormveil, ya gagari mutum, yana iya hawa dokinsa Torrent ya nufi kudu, ya leƙa koguna, ya samo makamai, ya dawo da ƙarfinsa. Yana iya kiran ruhohi su taya shi, ko ya gayyaci wani ɗan wasa ta intanet.

Hatta Malenia, wadda ta yi ƙaurin suna saboda duk saran da ta yi wa mutum yana mayar mata da lafiyarta, ba dole ba ne a haɗu da ita kafin a kammala wasan. Wani ɗan wasa ya shahara da kifa tulu a kansa yana kayar da ita a madadin waɗanda ta gagara, har kamfanin Bandai Namco mai rarraba wasan ya aika masa kyautar takobi.

Sai dai wannan bai kashe muhawarar ba. Masu fafutukar haƙƙin nakasassu na cewa haƙuri da naci ba za su warware matsalar wanda hannunsa ba ya iya saurin danna maɓalli ba. Sukan ba da misali da The Last of Us Part II na 2020, mai zaɓuɓɓuka fiye da 60 na sauƙaƙa wa masu lalurar gani, ji ko motsi. Magoya bayan FromSoftware kuwa na ganin daɗin nasarar na cikin sanin cewa kowa dutse ɗaya ya hau.

Ƙarshe shida, tambaya ɗaya

Labarin ya ginu ne kan mulkin da ya rushe, 'ya'yan sarauniya Marika suka yayyaga ƙasar wajen rabon iko. Bayan faɗan ƙarshe, wasan na iya ƙarewa ta hanyoyi shida. A huɗu daga ciki, jarumin yana hawa karaga ne: ko ya ɗinke tsohon tsari yadda ya same shi, ko ya tsarkake dokokinsa, ko ya ba waɗanda aka mayar saniyar ware gurbi, ko ya shafa wa kowa la'ana. A na biyar, yana mara wa Ranni baya ta janye ikon alloli nesa da mutane. A na shida, yana cinna wa duniya wuta baki ɗaya.

Wasan bai ayyana wanda ya fi daidai ba, kuma biyar daga cikin shidan ba a kai wa gare su sai an bi wasu ɓoyayyun hanyoyi, an saurari mutanen da ke gefe. Wanda ya miƙe zuwa karaga bai tsaya jin kowa ba, tsarin da ya tarar a fashe shi zai gada.