Kafin Ka Haɗa Sabon Murhun Gashi na Lantarki

Idan tsohon murhunka ya lalace ka sayo wani, kada ka yi gaggawar haɗa shi. Ka fara karanta takardar da ke manne a bayansa, a nan aka rubuta ƙarfinsa. Wutar gidajenmu volt 220 ce, don haka murhu mai wat 2,500 yana jan amfiya 11 da ɗan kai. Waya mai lamba 2.5 ta ishe shi, da makashin wuta mai faɗuwa da kansa, wato disjonkter, na amfiya 20, nasa shi kaɗai. Wanda yake da kawunan girki a sama kuwa yakan kai wat 7,000. Shi sai waya mai lamba 6 da makashi na amfiya 32. Idan sabon ya fi tsohon ƙarfi, tsohuwar waya za ta yi zafi a cikin bango inda ido ba ya gani. Doguwar waya mai ramuka da yawa, irin ta cajin salula, ba ta ɗaukar murhu ko kaɗan.

Shawarata ita ce ka kira ƙwararren mai aikin wuta. Amma ka tsaya a wurin. Ka ga ya kashe babban makashi da hannunsa, ya gwada wayar da abin gwaji. Kada kowa ya yi aiki don an ɗauke wuta, gama takan dawo ba sallama.

Wayoyi uku ne. Ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya abokiyarta ce. Mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa, ita ce kuma aka fi bari a lilo, domin murhu yana aiki ko babu ita. Jikin murhu ƙarfe ne. Ran da wata waya ta goge a ciki, idan babu ta ƙasa, wutar za ta bi ta jikin wadda ta taɓa shi, sau da yawa da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi. Ka sa a ƙara makashi mai gane yoyon wuta, na miliamfiya 30. A ɗaure kusoshin haɗi tamau, saboda haɗi sako-sako yana jawo gobara.

In wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi. Kashe makashi, ko ka ture shi da busasshiyar sanda. Idan ba ya numfashi, ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Ƙuna kuwa, a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai. Ku kawo shi asibiti ko da tabon bai fi ƙwayar gero ba: wuta tana ƙona nama daga ciki, tana iya rikita bugun zuciya. Mai ciki ta zo a ranar, ko ba ta jin komai, mu saurari zuciyar jaririn.