Zaɓen Bindiga da Daidaita Kaya a Sana'ar Harbi

Bahaushe ya bambanta farauta da harbi. Farauta aikin taro ce, ana fita da karnuka da sanduna da makaɗa, yawanci da rani. Harbi kuwa sana'ar mutum ɗaya ce ko biyu, waɗanda kan shiga dawa su kwana suna bin sawun manyan namun daji irin su gwanki da ɓauna da giwa. Tun da maharbi ba shi da jama'a a bayansa, ransa ya dogara ne ga makamin da ya zaɓa da kuma kayan da ƙafarsa za ta iya kaiwa inda naman yake. Waɗannan abubuwa biyu su za a duba a nan.

Zuwan bindiga

Bindiga baƙuwa ce a ƙasar Hausa, kuma harshen kansa shaida ne. Kalmar ta samo asali daga Larabci, wato bunduƙiyya. Haka albarushi daga al-barud yake, harsashi kuma daga ar-rasas, wanda ke nufin dalma. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka shigo da bindigogi daga Nufe. Kafin nan baka da kibiya mai dafi su ne abin dogaro, kuma ba su ɓace ba bayan zuwanta.

Wadda ta fi yaɗuwa a hannun maharbanmu ita ce bindigar toka, mai ɗuri ta baki. Ana zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sandar ɗuri. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Sunan da jama'a suka laƙaba mata, harba-ka-ruga, ya wadatar wajen bayyana rauninta: in ba ka kashe ba, to ƙafa ce maganinka. Cikin bututunta sumul yake, don haka ba ta da saiti daga nesa. Wannan ya sa maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun har ya matso kusa. Ga giwa kuwa, dabarar ita ce sango, wato gajeren mashi da aka shafe da dafin ƙwanƙwani, a zura shi a bakin bindiga a harba, sannan a bi sawu har dafin ya kayar da ita.

Nama shi ke zaɓar makami

Bindigar harbi ta zamani tana da tsagi murɗaɗɗu a cikin bututunta, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, ya tafi a miƙe. Ana rarrabe ta da faɗin kogon bututun. Barewa, wadda ba ta cika wuce kilo 30 ba, ƙaramin harsashi ya ishe ta. Toron giwa kuwa yana iya kai kilo 6,000, ga kaurin fata, ga taurin ƙashi. Abin da ake nema a nan shi ne harsashi mai nauyi da zai ratsa ya isa zuciya ko ƙwaƙwalwa. A shekarar 1912 kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ya fito da harsashin da ake kira .375, mai faɗin milimita 9.5. Mai nauyin giram 19 daga cikinsa yana fita da gudun kimanin mita 770 a daƙiƙa. A ƙasar Tanzaniya doka ba ta yarda a tunkari namun daji masu haɗari da abin da ya gaza wannan ba. Dalilin a fili yake. Ɓaunar da aka ji wa rauni ba a kashe ba takan shige duhuwa, kuma mai bin jininta shi ne a bakin mutuwa.

Sai dai girman harsashi yana da farashinsa, wato shurin da bindiga kan yi wa kafaɗa idan ta tashi. A nan ne nauyi ke shigowa. In harsashi iri ɗaya ne, aka rage nauyin bindiga da rabi, ƙarfin shurin zai ninka. Mai sauƙin ɗauka ke nan ita ce mai wuyar harbi, mai daɗin harbi kuma ita ke gajiyar da hannu. Akasarin masu cin harsashin .375 kan kai kilo 4 zuwa 4.5 idan an ɗora musu madubin saiti. Wanda ya saba shan shuri yakan fara runtse ido ya fizgi kunama tun harsashi bai fita ba, kuma daga nan kuskure ke farawa.

Masu goyon bayan ƙaramar bindiga kan kafa hujja da W.D.M. Bell, mutumin Sikotland, wanda a farkon ƙarni na 20 ya kashe giwaye sama da 1,000, mafi yawansu da harsashi mai faɗin milimita 7 kacal. A ganina hujjar ba ta da ƙarfi. Bell ya fasa kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take, kuma yana harbi ne daga kusa. Abin da labarinsa ya tabbatar shi ne muhimmancin sanin makasa. Ba kowa ne zai iya abin da ya yi ba, kuma ɓarnar da shi da ire-irensa suka yi wa giwayen Afirka ba abin yabo ba ce.

Sauran kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maharbin gargajiya yakan shirya tun a gida: warki, da gafaka ko burgami, da ƙahon albarushi, da wuƙa, da ɗan gatari, da ƙyastu ko ashana, da goran ruwa, sai guzuri busasshe kamar garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi. Idan aka lura, kusan kowane ɗaya yana aiki fiye da guda. Gatari makami ne, kuma da shi ake sarar itacen banda. Ruwa ne kaɗai ba a iya yi wa wayo, domin kowace lita kilo guda ce, shi ya sa sanin tafkuna da ƙoramun daji yake rage kaya fiye da kowace dabara. Layu da guraye ma suna da nasu nauyin, amma da wuya a sami maharbin da zai ajiye su don ya rage kaya, domin a wurinsa su ma makamai ne.

Masana harkar soja sun daɗe suna ba da shawarar kada kayan mai tafiyar ƙasa su wuce sulusin nauyin jikinsa. Mai kilo 60 ke nan iyakarsa kilo 20, har da bindiga da ruwa. Maharbi ya kamata ya tsaya ƙasa da haka sosai, saboda bayan tafiyar wuni ana so hannunsa ya tsaya cik lokacin saiti, sannan akwai lissafin dawowa. Gwanki ɗaya yana haura kilo 200. Wannan ne dalilin yin banda a daji: wuta ta janye ruwan naman, nauyi ya ragu, kuma ba zai ruɓe a hanya ba.

Ya kamata malami ya sanar da ɗalibansa cewa yanayi ya sauya. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta wajabta lasisi kafin a mallaki bindigar harbi ta zamani, dokar 1985 kuma ta ƙayyade kashe dabbobin da ke fuskantar ƙarewa da cinikinsu. Giwayen da suka rage a arewacin ƙasar ƙalilan ne, kuma garken da aka fi sani yana dajin Yankari na Jihar Bauci, wanda aka keɓe tun 1956, inda harbi haramun ne.