Maniyyi, maziyyi da wadiyyi: daga ina suke fitowa, kuma wanne ne yake wajabta wanka?

Tambaya: Ni magidanci ne a Babban Mutum, shekaruna 46. Bayan na gama fitsari nakan ga wani farin ruwa mai kauri ya biyo baya, wani lokaci kuma ɗigo ne bayan na miƙe. Har wanka uku nakan yi a yini, ga sanyin hunturu. Shin janaba ce? Kuma ƙarfina ne yake zuba, kamar yadda wani mai magani ya gaya mini?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, ba a jin kunyar tambaya a kan tsarki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Aliyu (RA) mutum ne mai yawan maziyyi, da nauyin surukuta ya hana shi tambaya da bakinsa sai ya aiki Mikdadu ɗan Aswad, aka ba shi amsa da wanke gaba da yin alwala.

Kafin hukunci, ka fara sanin inda ruwan nan uku suke fitowa, domin a nan ruɗanin yake.

Ƙwayoyin haihuwa a cikin 'ya'yan maraina biyu ake yin su. Allah Ya rataye su a wajen ciki ne saboda aikinsu ba ya son zafi, suna buƙatar sanyin da ya gaza na jiki da digiri 2 zuwa 3. Shi ya sa jakar take tsukewa da hunturu, ta saki da bazara. Ƙwaya ɗaya takan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ta kammala, don haka zazzaɓi mai zafi da aka yi yau yana iya nuna tasirinsa a gwajin da za a yi bayan wata biyu. Daga nan sai su shiga wani siririn bututu da yake nannaɗe a bayan kowane maraini, wanda da za a warware shi zai kai mita 6. A cikinsa suke nuna, su koyi iyo. Sai wata jijiya ta hau da su cikin mara, ta zagaya bayan mafitsara.

Su kansu ƙwayoyin ɗan kaɗan ne a cikin abin da ido yake gani, duk da cewa miliyoyi ne. Kusan kashi biyu cikin uku na ruwan maniyyi daga wasu 'yan jakunkuna biyu yake fitowa a bayan mafitsara, yana ɗauke da sukarin da ƙwayoyin suke ci. Mafi yawan ragowar kuma daga furostet ne, wata tsoka mai girman goro ɗaya da ta kewaye hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsara. Duka abin da yake fita a lokaci ɗaya bai cika wuce ƙaramin cokalin shayi ba. A lokacin fitarsa bakin mafitsara yakan rufe, don kada fitsari ya gauraya da shi.

Wannan shi ne maniyyi: fari, mai kauri, yana tunkuɗowa tare da jin daɗi, kasala ta biyo baya. Shi ne yake wajabta wanka idan ya fita da jin daɗin da aka saba a farke, ko ya fita a cikin barci ko da ba a tuna mafarkin ba. Idan ya zuba ba tare da jin daɗi ba, saboda ciwo ko duka ko harbin kunama, malamanmu na Malikiyya sun ce alwala ce kawai. A wurin Imamu Malik najasa ne, a wanke shi daga tufa. Shafi'i da Ahmad suna ganin tsarkinsa.

Maziyyi kuwa daga wasu ƙananan tsokoki biyu yake fitowa a ƙasan furostet, kowace ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ruwa ne garai mai yauƙi, yana fita lokacin sha'awa ko wasa ko tunani, aikinsa share hanya daga ragowar fitsari. Hukuncinsa a mazhabarmu, kamar yadda muka karanta tun a Risala, a wanke azzakari gaba ɗayansa, bisa mashhurin zance da niyya, sannan a yi alwala.

Abin da ka siffanta shi ne wadiyyi: fari mai kauri, bayan fitsari ko yunƙurin bayan gida ko ɗaukar kaya mai nauyi, ba tare da sha'awa ba. Galibi ruwan furostet ne da matsi ya tatso. Hukuncinsa hukuncin fitsari ne, ka wanke wurin da ya shafa ka yi alwala. Babu wanka a kanka, ko ɗaya daga cikin ukun nan. Kuma ba ƙarfinka ba ne yake zuba. Jiki yana yin wannan ruwa kullum, fitarsa ba ta rage wa namiji komai. Ina ganin yadda masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa suke tsorata magidanta da wannan zance, mutum ya sayar da kwanon gero ya sayi garin da bai san abin da ke ciki ba.

Shi kuma ɗigon da kake gani bayan ka miƙe, dalilinsa a bayyane yake. Hanyar fitsarin namiji ta kai santimita 20, kuma tana da lanƙwasa a bayan maraina inda ɗan fitsari yake kwanciya. Idan ka gama, ka dakata kaɗan, ka sa yatsu a bayan jakar maraina ka turo gaba a hankali, sannan ka tatse azzakari ka girgiza sassauƙa. Istibra'in da malamai suka wajabta ke nan, kuma sun shar'anta sauƙi a cikinsa, domin matsa da ƙarfi yana cutarwa, yana kuma buɗe wa waswasi ƙofa. Idan ɗigon ya zama ba ka iya riƙe shi, yana zuwa rabin lokaci ko fiye, to ya zama salasi, ba ya warware alwala, sai dai an so ka sabunta ta ga kowace salla in babu wahala. In bai kai rabi ba, yana warwarewa.

Sai dai fiƙihu hukuncin salla yake ba ka, ba ya duba lafiyarka. Furostet takan fara girma idan namiji ya doshi hamsin, ta matse hanya. In fitsarinka ya rage ƙarfi, ko kana yunƙuri kafin ya fito, ko kana tashi sau da yawa da dare, ka je asibiti a Daura a duba ka. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Katsina ko Kano. Ruwan da ya zo rawaya ko kore tare da zafin fitsari ba wadiyyi ba ne, mugunya ce ta ciwon sanyi, kuma dole a yi maganinsa kai da iyalinka a tare, domin barinsa yana toshe hanyoyin da muka ambata. Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga mai shiga tafki ko aikin fadama, yawanci tsargiya ce, tana da magani. Zafi mai tsanani da ya taso farat ɗaya a maraini kuwa ba a kwana da shi, jijiyar ce takan murɗe, in an wuce awa 6 ana iya rasa marainin.

Tunda zance ya kawo mu nan, likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, akwai matsala ta ɓangaren miji. Fitar maniyyi mai kauri ba ta nuna akwai ƙwayoyi masu rai a ciki, na'ura ce kaɗai take gani. Haka kuma ƙwayar namiji ce take ɗauke da abin da yake sa ɗa ya zo namiji ko mace, da ƙaddarawar Allah. Duk wanda ake zuga shi ya saki matarsa ko ya ƙara aure saboda rashin haihuwa, ya fara kai nasa ruwan gwaji, bayan ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kamar yadda ma'aikatan gwajin suke buƙata.

Allah ne Mafi sani.