Gidan Sauro Ba Taru Ba Ne

Duk wanda ya gangara bakin kogi a Mai Wurno ta ƙasar Sudan lokacin da ruwa ya fara janyewa zai ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Samari biyu sun riƙe gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, sun ɗaura masa duwatsu, suna jan sa a ƙasan ruwa. Me suke kwasowa? 'Ya'yan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba, da ƙananan tarwaɗa, da ciyawa, da laka. Rabi a shanya, rabi ya ruɓe a gaɓa.

Haba jama'a! Karfasa a ƙasan ruwa marar zurfi take sheƙa. Namijin ke haƙa ɗan rami, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su a bakinta har su ƙyanƙyashe. Ja ɗaya na wannan raga ya isa ya shafe ramukan, ya kama uwar da bakinta cike da ƙwai. Sai ka ji mutumin da ya yi wannan da hannunsa yana kukan wai giwan ruwa ta yi wuya. Da me za ta girma, alhali ka kwashe abincinta?

Na san amsar: malam, yunwa ce. Gaskiya ne, tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 kowa na ji a jikinsa. To amma kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 ba cikin wadata suka iso nan ba, kuma ba su ƙarar mana da kifin ba.

Kogin ma yana da nasa ciwon. Laka ta cinye fiye da rabin cikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925. Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta a 2020, cikowar kogi ta sauya. Dazuzzukan bagaruwa da ruwa ke kwanciya a cikinsu, inda ƙananan kifaye ke fakewa, ana ta sare su don gasa jan bulo.

Madatsun nan sun fi ƙarfinmu. Raga kuwa a hannunmu take. Wadda yatsu biyu ba sa shiga idonta, kada ta taɓa ruwa. Dattawan masunta su keɓe fadamun da kifi ke haihuwa, a hana jan taru a cikinsu har 'ya'yan su tasa, wanda ya karya a ƙwace ragarsa. Ku kuma iyayenmu mata masu soya kifi, ku daina sayen ƙananan nan don arha, domin kuɗinku ne ke mayar da yaran nan cikin ruwa gobe da asuba.